Shin Ana Sayar da Kyauta a Shago?

Bahaushe bai yi wa abin da ake bayarwa rowar suna ba. Wanda ya dawo daga tafiya tsaraba yake kawowa. Wanda ya je biki ko suna gudummawa yake kaiwa. Saurayi toshi yake yi, talaka gaisuwa yake kai wa mai sarauta, mai hali kuma hasafi yake yi wa na ƙasa da shi. Dangin ango su kai lefe, dangin amarya su kai gara. Yaron da aka aiko da saƙo a ba shi tukwici, wanda ya kawo labari mai daɗi a ba shi goron albishir. In muka duba sunayen nan da kyau, za mu ga babu ko ɗaya da ya faɗi abin da ke cikin ƙunshin. Turmin atamfa guda zai iya zama tsaraba yau, gobe ya zama gudummawa, jibi ya shiga akwatin lefe. Abin da sunan yake faɗa shi ne wa ya ba wa, a kan wane dalili, kuma mene ne tsakaninsu.

Ko kalmar goro ma haka ta yi. Fatake sun daɗe suna ɗauko shi a bayan jakuna daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, har zuwa Kano da Katsina. Da yake shi ne abin da aka fi miƙa wa baƙo da suruki da malami, sai sunansa ya tashi daga kan ɗan itacen ya koma kan niyyar. Yau yaro zai ce a ba shi goron Sallah, amma in aka miƙa masa goro na gaske kuka zai sa.

Ita kanta kalmar kyauta tana da fuska biyu. In aka ce ana raba abu kyauta, ba kuɗi ke nan. In kuma aka ce wa mutum "ka kyauta", aikinsa ake yabo. To shagon da ya rubuta a allonsa cewa kyauta yake sayarwa, me yake sayarwa ke nan? Tambayar ta fi ƙarfin wasa da kalmomi, domin mutane da yawa yanzu da wannan sana'a suke ci, kuma mu da muke saye a wurinsu mun ninka su yawa.

A 'yan shekarun nan sana'ar ta bunƙasa a Kano da Kaduna da Abuja da sauran biranenmu. Wasu suna da shago a bakin titi, da yawa kuma ɗakinsu ne shagon, Instagram da sitatus na WhatsApp su ne wurin baje kolin. Za ka ga kwandon azumi da dabino da zuma da madara da darduma, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Za ka ga akwatin ranar haihuwa, da kofin shayi da aka buga wa sunan mutum, da carbi a cikin ɗan gida na katako, da kayan rabon biki masu hoton ango da amarya. Akwai furen kuɗi, wato sababbin takardun naira da aka nannaɗe kamar fulawa. Akwai kuma kyautar ba-zata, wadda ake kaiwa ofis ko makaranta tare da mai ɗaukar bidiyo. In aka tattara, abin da yayin ya kawo shi ne kyauta haɗaɗɗiya tun daga shago, wadda mai saye ba ya bukatar ya zaɓi komai sai girmanta, kuma wadda aka tsara don ta yi kyau a hoto.

Mu masu rubuta manhaja ta ƙofar baya muke ganin wannan kasuwa. Mu ake kira a ce a gina shafin da za a riƙa saye a kai, a haɗa shi da banki, a sa shi ya riƙa tuna wa maigida ranar haihuwar matarsa. A sana'armu an koya mana cewa duk matakin da ke tsakanin mutum da abin da yake so cikas ne, a cire shi. Ƙirgawa muke yi sau nawa yatsa zai taɓa fuskar waya kafin ciniki ya faɗa, in biyar ne mu mayar da shi uku. Kamfanin Amazon har rajistar mallaka ya samu a 1999 a kan dabarar saye da taɓawa ɗaya. Wannan koyarwa daidai take in ana maganar sayen data ko biyan kuɗin wuta, don babu wanda yake son ya daɗe a layi. Amma a wajen kyauta akwai abin tsayawa a duba, saboda mai yiwuwa ne abin da muke kira cikas shi ne kyautar.

Kafin mu kai can, akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibansa na Jami'ar Yale nawa suke ganin an kashe a kan kyaututtukan da aka ba su lokacin Kirsimeti, da kuma nawa su da kansu za su yarda su biya don su mallaki kayan. Ya fitar da lissafin cewa tsakanin kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi ɗaya cikin uku na darajar kayan yana salwanta, domin mai bayarwa bai san bukatar mai karɓa kamar yadda shi mai karɓar ya sani ba. A wannan lissafi, kyautar da ba ta da asara ita ce tsabar kuɗi. Ka tura masa, ya ji alat, ya sayi abin da yake so.

Mu ma ba za mu yi saurin musa wannan ba. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, wanda ya kai wa gwaggonsa kofi mai suna alhali ba ta da na cefane, bai kyauta ba. Kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar kyautar kuɗi abin kunya ba: gudummawa kuɗi ce, goron Sallah kuɗi ne. Sai dai mu lura da yadda muke miƙa su. Da wuya mu ce "ga dubu biyar". Cewa muke yi "ga wannan a sha ruwa", ko "a sayi sabulu" in mai jego ce, ko "a hau mota" in baƙo ne zai koma. Mun san ba ruwan za a saya ba. Muna sa wa kuɗin riga ne, don tsirararsu ba sa cewa komai game da wanda aka ba. Dubu biyar ɗin da aka ba mai jego daidai take da wadda aka biya mai gyaran famfo. Kalmar sabulun ce take nuna an san halin da take ciki.

Furen kuɗi ma, in muka yi masa adalci, ƙoƙari ne na sa kuɗi su yi magana. Matsalarsa, ban da cewa a Fabrairun 2023 Babban Bankin Najeriya ya lissafa shi cikin hanyoyin wulaƙanta naira, wanda sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya tanadar wa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, ita ce abin da yake faɗa. "A sayi sabulu" da mai karɓa take magana, a hankali, a soro ko a ƙuryar ɗaki. Furen kuɗi da 'yan kallo yake magana, kuma abin da yake ce musu shi ne su ƙirga.

Kada mu ɗauka a da can kyauta ba ta da lissafi. Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Marcel Mauss, ya fitar da nazari a 1925 inda ya nuna cewa a al'ummomi da yawa abin da ake kira kyauta yana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Iyayenmu mata ba su bukaci Mauss ya gaya musu ba. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da labarin abin da ƙawa ke kai wa ƙawa a biki da suna. Har yau a gidajen biki akwai mai riƙe da biro da littafi tana rubuta abin da kowa ya kawo, don ranar da nasa ya tashi a mayar masa, sau da yawa da ƙari a kai. Wannan bashi ne, amma bashi ne da ba a so a gama biya, don ranar da aka yi kunnen doki aka rufe littafi, zumuncin ne ya ƙare.

Abin da ya canza shi ne masu karanta littafin. A da gida biyu ne suka san abin da ke ciki. Yanzu duk wanda ke da lambarka zai gani a sitatus. Akwatunan lefe da a da dangi da maƙwabta kaɗai ke zuwa gani, yau bidiyonsu yana isa wayar budurwar da ke wani gari, wadda saurayinta malamin firamare ne, kuma daga ranar ya shiga uku. A 2009 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford, Francis Flynn da Gabrielle Adams, sun gano cewa masu bayarwa suna zaton gwargwadon tsadar kyauta gwargwadon godiyar da za a yi, amma a wajen masu karɓa ba a ga wannan alaƙa ba. In tsada ba ta ƙara wa mai karɓa farin ciki, wa take yi wa aiki? Tana yi wa mai bayarwa ne a idon jama'a. Nan ne kyautar ba-zata take da abin dubawa. An tsayar da mace a gaban abokan aikinta, an saita mata kamara a fuska, ana jiran ta yi hawaye. Ko kayan sun yi mata ko ba su yi ba, dole ta yi wasan. Mun taso an hana mu gori bayan kyauta. Yanzu mun samo hanyar da gorin yake zuwa tare da ita a leda ɗaya.

To mene ne yake mayar da haja kyauta? A ganinmu lura ce. Ɗan da ya ga mahaifinsa yana nesa da takarda da fuskarsa in zai karanta, ya kai shi aka yanka masa tabarau. Ƙawar da ta ji ana cewa wutar unguwarku ta yi wata ba ta zo ba, ta aiko da fitila mai caji ana saura mako biyu jarrabawa. Matar da ta san irin turaren wutar da surukarta ke so tun suna Maiduguri, ta sa aka nemo. Cikin waɗannan babu mai tsada sosai, kuma kowanne yana ɗauke da shaidar cewa wani ya zauna ya yi tunanin wani a lokacin da ba ya nan. Shi ya sa aka ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

A nan ne sana'armu ta shigo da tambaya mai wuya. Shafukan ciniki suna iya hasashen abin da mutum zai so. Dabarar da injiniyoyin Amazon suka bayyana a 2003 mai sauƙin fahimta ce: a duba kayan da aka saba saye tare, in ka ɗauki wannan a nuna maka wancan. Na'urar ba ta san mahaifiyarka ba. A rumbunta, Hajiya layi ɗaya ce: mace, shekara kaza zuwa kaza, birni kaza. Amma ta ga dubban 'ya'ya irinka, ta san abin da suka saya, kuma wani lokaci hasashenta yakan faɗa daidai. Mu ɗauka ma ya fi naka daidai. Ga mayafi biyu iri ɗaya, launi ɗaya, kuɗi ɗaya. Na farko ɗa ne ya zaɓa don ya tuna ta yaba irinsa a jikin wata ranar suna. Na biyu manhaja ce ta ga ranar ta zo, ta zaɓa, ta cire kuɗin, ta aika, shi kuwa bai ma sani ba sai da ta kira tana sa albarka. Mayafin zai rufe ta daidai a duka biyun. Amma in ta san yadda na biyun ya zo, albarkar da ta sa za ta ji kamar ta sa wa wanda ba ya wurin. Abin da ta yi godiya a kai, wato cewa tana ran ɗanta, bai faru ba.

Mai karatu zai iya cewa ai aike ba yau aka fara ba. Wane ango ne ya taɓa shiga Kantin Kwari ya zaɓi atamfofin lefe da kansa? Yayyensa mata da gwaggonninsa ne suke yi. Gaskiya ne, kuma wannan yana nuna cewa wakilci a kansa ba laifi ba ne. Amma mu duba yadda yayar take yi. Za ta tambaya amaryar fara ce ko baƙa, doguwa ce ko gajera, gidansu masu son leshi ne ko shadda, za ta aika a auno takalminta a ɓoye. Ta ɗauki lurar ne ta ƙara mata ido. Haka ma tunatarwar da waya ke yi: wanda ya rubuta ranar don kada ya manta, ya nuna ranar ta dame shi. Iyakar tana tsakanin abin da yake taimaka maka ka lura da abin da yake ɗauke maka lurar gaba ɗaya. Kuma a kan wannan iyaka mai shagon kyauta take zaune kullum.

Zamanta ba mai sauƙi ba ne. Yawancin kwalaye da kofuna da ledojin naɗi daga Sin suke zuwa, daga kasuwanni irin na birnin Yiwu, kuma da dala ake sayo su. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ga kuɗin haya, ga na mai babur ɗin da zai kai saƙo tun bayan cire tallafin fetur. Cinikin kuma na lokaci ne: azumi, Sallah biyu, dawowar alhazai, bukukuwan ƙarshen shekara, sai a yi makonni ana kallon hanya. A ƙarshen 2024 Temu ya shigo Najeriya, ya sa mai saye yana iya ganin irin kofin nan a wayarsa da araha. Ƙaramin shago ba zai ja da irin waɗannan a farashi ba. Don haka in mai shago ta ga ribarta tana cikin babban kwando, ba muguwa ba ce, jarinta take karewa.

Sai dai sana'ar tana da wani hali da sauran sana'o'i ba su da shi. In ka sayi shinkafa ka tarar da tsakuwa, gobe za ka koma wa mai awo da magana. A kasuwar kyauta kuwa, mai biya ba shi ne zai yi amfani da kaya ba, mai amfani kuma bai san farashi ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi ƙorafi ba, tunda an ce kyauta ba ta kaɗan. Wa zai kira surukinsa ya ce zumar da ke cikin kwandon azumi sikari ce aka dafa? Wa zai ce rabin kwandon takarda ce aka cusa a ƙasa, ko biskit ɗin saura kwana huɗu ya lalace? Sandar da kasuwa take hora 'yan kasuwa da ita, wato fushin mai saye, a nan ba ta aiki. Abin da ya rage tsakanin mai shago da ha'inci shi ne amanarta kaɗai, kuma wanda za a cuta mutum ne da ba za ta taɓa gani ba.

Akwai amana ta biyu. Littafin mai shagon kyauta, na takarda ne ko na kwamfuta, ya san abin da dangi ba su sani ba: wa yake aika wa wa, a wane adireshi, da wane saƙo, a kan nawa. Ya san wanda yake neman aure a ɓoye da wanda yake biko. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka dillaliyar kirki ta san ba a fitar da maganar wani gida a wani gida. Ɗora bidiyon matar mutane a shafin talla ba tare da an tambaye ta ba, ko ɗaukar hoton katin da miji ya rubuta wa matarsa don a nuna ana ciniki, sayar da abin da ba naka ba ne.

Amana ta uku ta fi su wuyar gani, don babu wanda zai kira saɓa ta ha'inci. Mai sayen kyauta yakan zo a tsorace. Yana tsoron a raina shi, yana tsoron kishiya ko faccala ta fi, yana tsoron abin da za a ce. Tsoro kuwa abu ne mai sauƙin juyawa ya zama kuɗi. Ya isa a jera kwando uku, a sa wa ƙaramin suna mai kunya, a ce "wannan dai shi manya suke ɗauka". Mu ma a ɓangarenmu mun san dabarun: agogon da ke ƙirga saura minti goma rangwame ya ƙare, da rubutun da ke cewa saura guda biyu. Duk suna aiki. Kuma duk suna tura mutum ya daina tunanin wanda zai ba, ya koma tunanin kansa.

Mu kwatanta da wata hanyar. Mu ɗauka saurayi ya shigo shago ana jibi Sallah.

"Anti, kwando nake so na dubu talatin, na Hajiyarmu ne."

"To ƙanena. Hajiya da me take yini?"

Ya yi shiru, don bai zo da shirin wannan tambaya ba. Can ya ce, "Rediyo. Amma tata ta lalace tun kafin azumi, a wayar ƙanwata take ji in ta dawo daga makaranta."

"Ai ka gama zaɓe. Ni ba na sayar da rediyo. Ka shiga Sabon Gari ka samo mai caji, ka kawo in naɗe maka, mu ɗora ɗan turare a kai."

Ta yi cinikin dubu biyar a inda za ta yi na talatin. Ba za mu yi wa mai karatu alkawarin cewa gobe zai dawo da abokansa goma ba. Wataƙila ya dawo, wataƙila kuma ba ta sake ganinsa ba, kuma mai gidan haya ba ya karɓar kirki a madadin kuɗi. In ta yi haka, ta yi ne don shi ne haƙƙin tsohuwar da za a kai wa, wadda ba ta cikin shagon kuma ba ta da bakin magana a cinikin. Abin da kawai za mu iya cewa ta fuskar kasuwa shi ne, wannan minti biyar na tambaya shi ne abu ɗaya da take da shi wanda manyan shafuka ba su da shi. Kofi kowa zai iya kawowa daga Yiwu. Sanin cewa tsohuwar Bakanuwa ta fi son rediyonta a kan cakulan, da sanin wanda ya iya haɗa humra, da inda ake ɗinka jakar fata ta gaske a Kurmi, da mai rinin da zai yi maka shuni a Ƙofar Mata, wannan sai wadda ta zauna cikin mutane.

Amsar tambayarmu ke nan. Shago haja yake sayarwa, da naɗi, da kai saƙo, kuma duk halal ne, duk ana bukata. Kyautar kuwa a wajen mai saye take, ko ya zo da ita ko bai zo da ita ba. Shagon kirki shi ne wanda yake taimaka masa ya lalubo ta in ta ɓuya masa. Wanda kuma yake sayar masa da hanyar tsere wa tunani, ya ba shi abin da zai rufe ido da shi a yi hoto, ya karɓi kuɗinsa ya sallame shi da haja kawai.

Mu masu gina shafukan ma muna da zaɓi, kuma ba mai wahala ba ne. Za mu iya sa tambayar farko ta zama "wa za a ba?" kafin "nawa za ka kashe?". Za mu iya barin wurin da mai saye zai rubuta saƙo da kalmominsa ko ya naɗi muryarsa, maimakon jerin addu'o'in da aka riga aka rubuta a zaɓi ɗaya. Za mu iya ƙin sa agogon ƙarya, mu kuma tsara rumbun yadda ba kowane yaron shago ne zai ga adireshin matan mutane ba. Wannan zai ƙara taɓawa ɗaya ko biyu kafin ciniki ya faɗa, kuma a ma'aunin da muka saba da shi koma baya ne. Ma'aunin ne bai dace da wannan kasuwa ba.

Sauran aikin na masu saye ne, wato mu duka. Sallah za ta sake zuwa, wani zai yi aure, wata za ta haihu. Kafin mu buɗe waya mu fara duba kwanduna, mu tambayi kanmu abin da mutumin nan ya yi kuka da shi a watan da ya wuce, ko abin da ya yaba, ko abin da ya daina yi don ya fi ƙarfinsa. In mun tuna, ko naira dubu biyu ta isa. In kuwa mun rasa amsa, to mun daɗe ba mu zauna da shi ba ke nan, kuma mai babur ba zai je mana wannan aike ba. Zumunci a ƙafa yake. Mu fara zuwa mu gaishe shi, shagon yana nan.